Ta Cinye Mini "Ha"

Haladu ya koma Dutse ran Lahadi,
ya bar kwamfutarsa a kan buhun riɗi.
Linzaminta ya mutu tun damina.
Ya ce, "Hansai, yatsu goma gare ki,
me za ki yi da linzami?
Ki zuba mana lissafin ƙungiya kafin kasuwar Maigatari."

Baƙin allo, ba hoto, ba kibiya,
sai wani ɗan fari yana ƙifta mini ido
kamar ya san abin da na ci jiya.

Na buga sunana.
Abin da ya fito: nsai.
Ta cinye mini Ha ko bisimilla babu.

Na sa katin ɗari biyu,
na hau tudun bayan rijiya inda waya ke kamawa.
Dariyarsa kaɗai ta ci naira talatin.
Ya ce, "Gona ce.
Mai shuka a sunkuye yake, mai zagaye a tsaye.
Kin same ta a tsaye,
kowane harafi umarni ne a kunnenta.
Taɓa i, ki sunkuya, ki zuba iri.
In kin gaji, maɓallin can na kusurwar hagu,
shi ne miƙewa, hannu a ƙugu."

Na dawo ina bita a hanya kamar mai hadda.
h hagu, wannan ko jaki ya gane.
j tana da ƙugiya, ƙasa take ja.
k sama.
l dama, kuma har yau ban san dalili ba,
na dai karɓa, yadda na karɓi sunan kakana.

Ran Talata yatsana ya zame,
d, ya sake d,
layin Barau ya tashi ɗungurungum,
buhu uku da tiya bakwai da ƙungiya ke binsa.
Gumi ya karyo mini.
Wa zai yarda ba haɗa baki muka yi ba,
ga shi ƙanin babana ne?

Sai na tuna u.
Na taɓa ta a hankali kamar ƙwan zabo.
Barau ya dawo, da bashinsa cif.

An ce magana zarar bunu ce.
To ga wurin da bunu ke komawa jinka.
Na daɗe ina kallon ɗan harafin nan,
ina tuna riɗin da na sayar bara
sati biyu kafin ya yi tsada,
da abin da na faɗa wa Ladidi a gidan suna.
Waɗannan ba su da u.

Fita ce ta fi ba ni kashi.
Na shiga, ƙofa ta ɓace.
Rana ta faɗi, batirin sola na kuka,
kati ya ƙare,
na danna duk abin dannawa,
tana ta yi mini ƙara kamar ɗan tsako a kwando,
har ta mutu da kanta,
ni kuma na kwana da haushi.

Yanzu yana nan da gawayi a jikin bango:
miƙe tukuna, ɗigo biyu, w, q.
Adana, sannan ki yi sallama.

Inna Tabawa na gefe tana kaɗi,
mazari na juyi, idonta na kan awaki.
Ba ta san ko bihim a boko ba,
amma ta leƙo ta ce,
"Muddin kina kallon hannunki, da saura."

Daren Laraba na kai layi na sittin da ɗaya.
Akuya ta sa kai a kwaryar dusa,
na daka mata tsawa, na juyo,
ashe yatsuna sun sauka layi uku ba da ni ba,
sun tsaya daidai kan sunan Uwani,
suna jira.